Takalmi Ɗaya, Direban 'Yan Makaranta

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Takalmi Ɗaya ake ce masa, yara da manya, har matarsa idan ya ba ta haushi. Tun da ya fara jan motar 'yan makaranta, shekara ashirin da wani abu, bai taɓa taka birki da takalmi ba. Da ya hau kujera zai tuɓe na dama ya tura shi ƙarƙashi, ya bar na hagu a ƙafa. Cewa yake takalmi ƙarya yake yi wa mutum, tafin ƙafa ne kaɗai ke jin abin da mota take ciki. Ana yi masa dariya, amma duk tsawon shekarun nan ko goshin yaro ɗaya bai taɓa bugun kujera a motarsa ba.

Ba mutum ne mai fara'a ba, gaskiya. Idan yaro ya leƙa da kansa ta taga, sai ya faka motar a gefen titi ya kashe ta, ya naɗe hannu, ba zai ce uffan ba har sai sauran yaran sun ja ɗan'uwansu sun zaunar da shi. Iyaye kuwa a kan haka suke son sa.

Da ciwon baya ya fara masa, bai ɗauke shi a bakin komai ba. Wane direba ne bayansa ba ya ciwo? Sai ya ɗora wa kujera laifi. Ya sa aka sauya mata soso, ya ƙara matashi, ya cire matashin, ya ɗaure ƙugu da ɗamara. Matarsa tana shafa masa man zafi tana mita, tana cewa ita ba ta taɓa ganin ciwon gajiya da yake ƙaruwa idan mutum ya kwanta ba. Ya yi biris da ita. Ya rame, wando ya fara zame masa, fitsari ya riƙa yi masa gardama, wannan kuma ko ita bai gaya wa ba don kunya. Haka namiji yake, wallahi, ya gwammace ya kai mota gareji sau goma da ya kai kansa asibiti sau ɗaya.

Garejin kuwa ya je. Wata safiya a mararraba ya taka birki ya ji kamar katifa ya taka. Motar ta tsaya, amma da girgiza, har jakunkunan yara suka zube. Yana sauke su ya wuce wurin bakanike, abokinsa na shekaru, ya ce birki ya mutu. Bakanike ya duba mai, ya kwance taya, ya zaga da motar ya dawo ya ce birki lafiyarsa lau. Takalmi Ɗaya ya diro a fusace, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana cewa shi za a koya wa birki? Suna cikin musu idon bakanike ya kai ƙasa.

"Mutumina, ɗaga ƙafarka."

Guntun ƙarfe ne da mai walda ya yanke yanzun nan, da zafinsa, kuma a kansa yake tsaye. Fatar tafin ta ƙone har ta yi fari. Shi bai ji komai ba. Nan jikinsa ya yi sanyi, ya zauna kan tsohuwar taya yana kallon ƙafar kamar ta wani.

Babbar 'yarsa, wadda take ɗinki a bakin kasuwa, ita ta rufe shago ta kai shi asibiti. Likitar mace ce mai ƙaramar murya, da siraran awarwaro a hannunta na dama. Ta ƙwanƙwasa masa gwiwa, ta bi gadon bayansa da yatsa har ta zo inda ya zabura, ta yi masa tambayar nan ta fitsari da yake gudun a yi masa. Ya amsa yana kallon bango. A ranar aka tura shi cikin na'urar ɗaukar hoto, wani dogon rami mai ƙara kamar ana dukan ƙarfe, aka ɗebi jini, daga baya aka tsakuro ɗan nama da allura aka kai gwaji.

Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce ciwon daji ne, ya faro daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya bi jini ya sauka a ƙashin baya. Ya cinye gaɓa ɗaya, yana danne lakar da ke kai saƙo zuwa ƙafafu. Raba shi da ciwon gaba ɗaya ba zai yiwu ba, amma ana iya danne shi shekaru, kuma idan aka yi sauri ana iya ceto tafiyarsa. 'Yarsa ta tambayi tsawon kwana. Shi abu ɗaya ya tambaya, ko zai koma mota. Likita ta ce ƙafar ce za ta ba su amsa.

Aka fara da ƙwayoyin rage kumburi, aka shiga da shi tiyata aka ɗage abin da ke danne lakar, aka ɗaure gaɓoɓin da ƙarfe da noti. Da bakanike ya zo dubiya ya ga hoton, ya ce da an kawo masa aikin ma da ya ɗaure shi fiye da haka. Dariya ta kama Takalmi Ɗaya har ɗinkin ya yi masa zafi. Bayan nan aka shiga gasa ciwon da haske, kullum a kwantar da shi a ɗaki mai sanyi, a daidaita na'ura kan ɗigon da aka yi masa a fata, kowa ya fita a bar shi shi kaɗai. Ga allurar da ke hana ciwon samun abin da ke ciyar da shi, mai sa shi gumi da kasala. Ya sha wuya, kuma ya ji tsoro ƙwarai, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

A hankali ya tashi. Daga keken guragu ya koma ƙarfen dogarawa, daga nan sanda. Shugabar makarantar ta aiko cewa direban da suka ɗauka na wucin gadi ne, kujerarsa tana jiran sa, likita kawai za ta ce ya iya. Tun daga ranar ya ƙara ƙaimi. Yana zaune a tsakar gida yana danna ƙwallon roba da ƙafar dama, ya danna ya saki, har matarsa ta ce zai huda shi. Ƙarfi ya dawo, babu shakka. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne da ido yake sanin ya taka ƙwallon.

Ranar gwaji likita ta sa ya miƙe kan gado, ta ce ya tura hannunta da ƙafa. Ya tura har ta ja baya tana murmushi. Sai ta ɗauko auduga, ta ce ya rufe ido, duk lokacin da ya ji ta taɓa tafin ya ce ya ji.

Ya rufe ido. Ya ce ya ji. Aka jima ya sake cewa ya ji. Duk inda ta taɓa sai ya amsa daidai, 'yarsa a gefe tana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Likita ta ce madalla, wannan ya fi abin da ta zata, saura kaɗan su gama.

Bai buɗe ido ba. 

"Likita, cire awarwaron nan ki sake."

"Me ya sa, Baba?"

"Ƙararsu nake ji idan kin miƙo hannu. Ita nake bi."

Ta zare su ta ajiye kan tebur. Ta taɓa diddige, ta taɓa tsakiya, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ta ajiye audugar ta danna da babban yatsanta. Ko sau ɗaya bai ce ya ji ba. Can ya tambaya ko ta fara. 'Yarsa ta toshe baki da mayafi.

"Baba, da ka yi shiru ai da shi ke nan," in ji 'yar, tana kuka.

"Da ni kaɗai ne a motar, da na yi shirun," ya ce. "'Ya'yan mutane ne a bayana."

Ya tashi zaune da ƙyar, ya ce wa 'yar ta kira shugabar makaranta tun kafin su bar asibitin, a gaya mata ta riƙe sabon direban. A kuma gaya wa direban motar tana ɗan ja hagu idan titi ya jiƙe. A bakin ƙofa 'yar ta tare musu tasi, ta buɗe masa gaba. Ya girgiza kai, ya buɗe baya da kansa, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar dama ya shigar da ita.