Hoton da Ya Ce In Ƙona

Shekara goma sha biyar hoton mutum ɗaya ya riƙe mini gilashin ƙofar shago, kuma in aka ce in faɗi wani aikin da ya taɓa yi a duniya bayan wannan, sai dai in yi shiru don kada in yi wa mamaci ƙarya. A lokacin ni mai ɗaukar hoto ne a Mubi, shagona yana bakin kasuwa. Na koyi aikin wajen wani Bayarabe da ya koma gida ya bar mini kyamara mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle da ciwon baya. Shi kuwa mutumin nawa ɗan ƙauyen Kwaja ne, Kirista, ɗan manoma. Ya ɗan taɓa makarantar mishan, ya fito da abu biyu: Turancin gaisuwa da tsagar gashi a gefen hagu.

Allah ya yi shi da kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, ga kafaɗa, ga wuya. Matsalar kawai ita ce shi ya fara sanin haka tun kafin kowa ya gaya masa. Ranar da ya fara shigowa shagona, a shekarar ƙuri'ar farko kan makomar yankinmu, ba hoto ya zo ɗauka ba. Madubina ya hango daga titi. Ya tsaya gabansa yana juya haɓa dama da hagu har na gaji na ce, "Malam, in ka gama gaisawa da ɗan'uwan naka, zo ka zauna nan."

A wancan zamanin kowane mai hoto yana da kayan aro. Ina da kwat guda ɗaya da ta shiga jikin rabin samarin Mubi, da taye, da agogon hannu da bai taɓa motsi ba, da rediyo marar ciki, da labule mai zanen bene da jirgin sama. Manomi ya zo daga Duvu da ƙasa a farce, ya fita a takarda yana akawu. Amma sai an ga samfur a gilashin ƙofa tukuna mutum yake yarda ya shigo. Na saka wa ɗan Kwaja kwat ɗin, na ɗauke shi, na liƙa. Kafin kasuwa ta zagayo, samari sun yi layi, kowa da magana ɗaya: "A ɗauke ni kamar wancan." Har da wani gajere mai tumbi daga Sorau, wanda ya karɓi nasa ya duba, ya dubi gilashi, ya ce na cuce shi.

Da haka muka ƙulla. Shi fuska, ni hannu. Ya ɗauko mini kalmar Fulani ta aboki ya liƙa mini, ba ya kirana komai sai sobajo, musamman in yana son wani abu.

"Sobajo, wannan zane na fuska na, ba a iya goge shi?"

Yana da tsage a kumatu irin na gidansu, da giɓi a gaba inda keke ya taɓa kayar da shi. Giɓin mai sauƙi ne, ya koyi murmushi da baki a rufe, har 'yan mata suka ɗauka kamun kai ne. Tsagen kuwa aikina ne. In na wanke fim ya bushe, sai in ɗora shi kan gilashi inda haske ke bi ta ƙasa, in fere fensir ya yi tsini kamar allura, in bi tsagen a hankali ina cikewa. In aka buga a takarda, kumatu sumul, ka ce a asibitin Ikko aka haife shi. Ranar da ya fara ganin haka sai da ya rungume ni. Tun daga nan bai ƙara yarda da madubi sosai ba, ya fi yarda da ni.

Da ƙuri'a ta biyu ta matso, wadda za a zaɓa ko mu bi Najeriya ko mu bi Kamaru, gari ya rabu, 'yan uwa ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, kowa ya ci, da ni aka ci. Na ɗauki mutumina hoto biyu. A ɗaya ya sha babbar riga da hula, yana kallon nesa kamar wanda aka yi wa alkawarin minista. A ɗayan ya matse cikin kwat da hular Faransawa a karkace, da sigari a hannu, shi da ko hayaƙin murhu tari yake sa shi. Na liƙa su gefe da gefe. 'Yan Najeriya suka ce shagon nasu ne, 'yan Kamaru suka ce nasu ne, kowa ya shigo. Na tambaye shi ina shi zai jefa tasa ƙuri'ar. Ya yi tunani mai zurfi, irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, sannan ya ce, "A wane ɗaya na fi kyau?" Bayan an faɗi sakamako na cire na hular Faransawa. Ya yi kwana da kwanaki yana fushi, ba don Kamaru ba, don a cewarsa kuncinsa na hagu ya fi fitowa a can.

A ranar da muka ɗauki wancan na kwat da hular Faransawa ne abin ya faru. Babu lantarki a shago, a tsakar gida nake ɗauka saboda haske. Ya zauna ya gyara, ya rufe baki, ya ɗage gira, ni kuma kaina yana cikin baƙin ƙyalle. Ashe tsohuwarsa ta sauko daga Kwaja da kayan gyaɗa a ka, aka ce mata ɗanta yana shagon mai hoto. Ta wuce ta gaban gilashin da ke cike da fuskarsa ko waiwaye ba ta yi ba, don ba ta ga kowa nata a ciki ba. Ta shigo ta tsaya a bayana, ta gan shi a cikin kwat da rana tsaka yana zufa, ta faɗa masa wata magana da yarensu. Har yau ban san me ta ce ba. Sai ji na yi gogan naku ya fashe da dariya. Baki ya wage, giɓi ya fito fili, tsage suka lotsa cikin kumatu, hula ta zame kan ido ɗaya, kwat ta rataye a kafaɗa. Hannuna kuwa yana kan abin latsawa, na latsa.

Na wanke hoton, ban taɓa shi da fensir ba, na nuna masa. Wallahi sai da fuskarsa ta yi toka.

"Sobajo, ƙona shi."

"Me ya yi maka? Ai kai ne."

"Wannan ba ni ba. Wannan ɗan ƙauye ne. Idan mutane ya gani, na mutu a Mubi."

Na ce to, na sa shi a can cikin aljihun tebur. Wanda ya samu linzami ai ba ya jefarwa. Duk ranar da kansa ya kumbura, ya ce fuskarsa ce kasuwata, ko ya ƙi zuwa don wai ƙurji ya fito masa a hanci, sai in ja aljihun teburin kaɗan in ce, "Gilashin nan yana son sabon abu." Nan take zai zauna ya yi laushi. Na ji daɗin wannan mulki, ba zan ɓoye ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, shi yana tsaye wuri ɗaya, ni da fensirina muna ta aiki. Lokacin yaƙin basasa samari suka riƙa zuwa a ɗauke su kafin su tafi, na ara masa kakin soja na liƙa, ya zama jarumin da bai taɓa wuce tashar mota ba. Ya yi aure, matar ta fara ganinsa a gilashi ne kafin ta gan shi a fili, kuma ta sha gaya mini cewa ni ya kamata ta kai ƙara. Ya sayi babur, madubinsa bai taɓa kallon hanya ba. Gashi ya fara ja da baya, na mayar da shi gaba. Ƙasan ido ya kumbura, na kwantar. Har ta kai ina daɗewa kan fim ɗinsa fiye da na amarya da ƙawayenta duka. Shi kuwa sai ya karɓa ya duba ya ce, "Ka gani? Hoto ba ya ƙarya." Ni da na san irin ƙaryar da na kwana ina ferewa, sai in ce haka ne.

Kada a ɗauka ba na son sa. Ina son sa. Da matata ta farko ta rasu, shi ya rufe bakinsa da ba ya rufuwa, ya zauna tare da ni a kan tabarma har aka share makoki, ya bar gashinsa ba tsaga, wanda a wurinsa ya fi yanka zafi. Da azumi ba ya cin komai a gabana. Wawa ne, amma wawana ne.

Bayan an canja kuɗi zuwa naira da kamar shekara ɗaya ciwo ya kama shi. Cikinsa ya kumbura, sauran jiki ya zube. Ya hana kowa shiga ɗakinsa sai matarsa da ni, ya sa aka juya madubi ya kalli bango. Ran da na yi masa zuwan ƙarshe, ina zato zai yi mini maganar 'ya'yansa ko ta Allah. Ya kamo hannuna da ƙyar.

"Sobajo, wancan hoto. Ka ƙona?"

"Yana nan."

"Yi mini alkawari. Ko na mutu, kada wani ya gani."

Haushi ya kama ni. Mutum yana bakin kabari, abin da ya dame shi giɓi. Amma na dubi yadda ya koma, na ce na yi alkawari. Ya saki hannuna ya yi murmushi, baki a rufe.

Bayan an binne shi a Kwaja, matarsa ta zo shago da tsohuwar. Suna son hoto babba da za a rataye a ɗaki, kamar yadda Kiristoci suke yi. Tsohuwar ta rankwafa sosai, ido ya fara hazo. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗauko kwali guda cike da ɗanta, ina ji da kaina, don aikin rayuwata ne a ciki. Matar ta zaɓi na babbar riga tana hawaye. Tsohuwar ta karɓa, ta kai shi dab da ido, ta shafa kuncin da yatsa, ta ajiye. Ta ɗauki na soja, ta shafa, ta ajiye. Na taye, na babur, na rediyo. Ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ina tsaye ina kallon tulin yana komawa gefe guda.

Da kwalin ya ƙare ta ɗago ta dube ni da 'yar Hausarta.

"Ɗa na, wannan duka yaron wani mata ne. Nawa yana da zane. Ni na riƙe shi a ƙafa na aka yi masa. Ina nawa?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Ya tafi ya bar ni da alkawari a wuya da tsohuwa a kan tabarma. An ce alkawari kaya ne, to na sauke nawa a nan. Na ja aljihun tebur har ƙarshe, na miƙa mata.

Ta kai shi ido. Ta daɗe. Yatsanta ya bi tsagen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan giɓin. Sai ta yi dariya, ita ma da nata giɓin, hawaye yana bin kumatunta.

"Shi ne," ta ce. "Ni yake kallo."

Na buga mata babba na sa a firam, ban taɓa shi da fensir ba. Sannan na buga na biyu, na kwashe duk abin da ke gilashin ƙofa, na liƙa shi a tsakiya shi kaɗai. Samari suna wucewa suna tambayata wane ne wannan baƙauyen, ba wanda ya taɓa cewa a ɗauke shi kamarsa. Na bar shi a nan har na rufe shagon. Kullum da safe in na buɗe ƙofa sai in ce masa, in bai ji daɗi ba ya zo ya cire da kansa.