Tadros Masassaƙi da Hoton Uwa da Ɗa

Mahaifina, Tadros, masassaƙin ƙofofi ne a garin Akmim. Bai iya karatu ba, amma idan ya zauna gaban tsohon hoton da kakansa ya kawo daga Ƙudus, sai ka rantse karatun yake yi. Budurwa Maryamu ce rungume da jariri Yesu, cikin siraran layuka kamar gashin kai, takardar har ta yi ja don tsufa. Yakan ce, "Dubi yadda ta sunkuyar da kai. Wanda ya yi wannan ya san uwa."

Shekarar da aka haife ni, limamin cocinmu, Abuna Sawiris, ya roƙe shi ya sassaƙa irinsa a katako, a riƙa shafa tawada ana buga wa masu zuwa idin Maryamu. Baba ya ajiye ƙofofin mutane ya duƙufa. Da ya buga na farko, ya kai wa mahaifiyata, Damyana, yana washe baki.

Ta duba, ta ce, "Tadros, yaron nan faɗuwa zai yi."

"Wace irin faɗuwa kuma? Haka yake a na Kaka."

"Ba haka yake ba. Can hannunta na ƙarƙashin ƙeyarsa. Kai ka ba ta shi kamar tulun aro. To, ina za ka sani? Tun da aka haifi 'yarka ka taɓa ɗaukarta?"

 Washegari Baba ya fito da kujerarsa tsakar gida, ya ce ta zauna ta riƙe ni. Haka suka yi ta yi har azumin Maryamu ya kama, ita tana mitar girkinta na ƙonewa, shi yana kallo yana sassaƙa. Wani lokaci ya karɓe ni don ya ji nauyin a hannunsa.

Abuna ya daɗe yana kallon sabon hoton, sannan ya yi murmushi. "Hancin Maryamun nan na san shi, Tadros."

"Wanda Allah ya ba ni a gida ne, Abuna."

Abuna ya sa wa hoton albarka. Hoton ya shiga gidajen garinmu, mata masu ciki suna rataye shi a saman gado.

Baba ya makance a ƙarshen rayuwarsa, duk da haka bai bar wa kowa bugun ba. Da yatsa yake lalubar layukan, ni ina miƙa masa takarda. Ranar jana'izarsa matan unguwa suka cika ƙofar gidanmu, har da maƙwabtanmu Musulmi, aka rasa wurin tsayawa.