Wankan Jego a Gidan Haya

Ni ba yawon duniya ya kawo ni Ikko ba, haihuwa ce ta kawo ni. Ina zaune a garinmu, can ƙasar Damagaram, ɗana da ke aikin fawa a mayankar Agege ya aiko cewa cikin 'yarsa ya tsufa. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa, ga shi haihuwar fari ce, gidan ubanta za ta dawo wanka. To wa zai yi mata? Na ɗaure kanwa, na ɗaure gero, na ɗaure barkono da citta da kimba. Abu biyu ne ban ɗaure ba, itace da ganye. Wa ya taɓa jin an yi guzurin ganye?

Muka yi tafiya, muka yi tafiya, har na daina tambayar sunan garuruwa. Gidan da aka sauke ni, na shiga ina neman tsakar gida, har na fita ta ƙofar baya ban same ta ba. Lungu ne dogo, ɗakuna suna kallon juna, kowace ƙofa da yarenta. A baya akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, igiyoyin shanya a samansa, kwata a gefensa. Makewayi ɗaya ne ga gidan duka. Tun asuba ake jera bokitai a bakinsa, bokitin mutum shi ne layinsa. Na tsaya ina kallon wurin nan, zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba ta sake kwanciya ba.

A wajenmu mace in ta haihu, jikinta ɗanye ne. Safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a fyaɗa mata, har ta yi arba'in. Wadda aka yi wa sakaci sanyi ya shige ta, ƙafa ta kumbura, tari ya kama ta. Na ga waɗanda suka tashi daga wannan ciwon, na ga waɗanda ba su tashi ba. Abin da na sani ke nan, da shi na tsufa.

Jikata ta sauka lafiya a asibiti, aka samu namiji. Ranar da ta dawo na aro rabin duro wajen wata mai abincin biki. Na nemi duwatsun murhu na rasa, garin nan ko dutse ba a tsinta, sai fasassun bulo na haɗa. Ɗana ya sayo itace ɗauri ɗaya, jiƙaƙƙe, don ruwan sama a nan ba ya sallama. Na hura, na hura, hayaƙi ya tashi. Bai yi sama ba, lungun nan ya bi, ɗaki ɗaki yana gaishe da mutane. Aka fara tari, aka fara buɗe ƙofofi. Wata mata ta fito a guje tana kwashe fararen kayan makarantar 'ya'yanta daga igiya.

Sai ga mai gidan, tsohuwar Bayarabiya da kowa ke kira Iya, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna wuta, tana nuna rufin kwano, tana nuna ni. Jikata, haihuwar Agege, ta leƙo daga ɗaki, ita ce tafinta.

"Me ta ce?"

"Ta ce sannu da aiki, tsohuwa."

"Duk wannan tsawon maganar?"

"Yarabanci akwai tsawo."

Da yamma ubanta ya faɗa mini sauran. Gobara ta taɓa cinye gidan maƙwabta, tun daga nan Iya ta hana wutar itace a gidanta. Wannan karon ta yafe don baƙuwa ce ni. In ta sake ganin hayaƙi, mu nemi wani gidan.

Aka koma kan ɗan murhun gas. Tukunyarsa ko tuwon mutum biyar ba za ta ɗauka ba. In dafa, in juye a bokiti, in sake ɗorawa. Kafin ta uku ta tafasa, ta fari ta huce. In kai bakin makewayi in tarar da bokitai a gabana, masu sammakon kama danfo, motar hayar garin, kowa yana duba agogo. Ba ni da bakin roƙonsu. In tsaya ina tsoma yatsa a ruwan, ina ji yana mutuwa a hannuna.

Ga kuma ganye. Na bi titi, na bi bakin layin dogo, ina ɗaga kai kamar mai neman wata. Sai can wajen Ogba na hango dogon yaro, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, ya zubo rassa ta saman katangar wani gida. Na yi bismilla na kama karya. Ban ankara ba sai na ji an riƙe reshen ta ɗaya gefen. Mai gadi ne, dattijo, da ƙaramar rediyo a hannu. Da na buɗe baki ya gane daga inda na fito, ashe garinsu da namu tafiyar yini ce.

"Inna, nan ba gida ba ne. Nan ko inuwa da mai ita."

Na ce masa ganye ne fa, na Allah. Ya ce ya sani, amma Oga bai sani ba. Ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce in riƙa zagayowa ta baya duk bayan kwana biyu, abin da aka sassabe zai ajiye mini. Haka na zama mai zuwa karɓar ganye a ɓoye, ina rufe shi da mayafi kamar na ɗauko abin kunya.

Ita kuwa mai jegon ko a jikinta. Ta sha kunun kanwa tana yamutsa fuska, ta cinye ƙaurin da ubanta ke kawowa daga mayanka, ta ce mini malamar asibiti ta ce kada a ƙona ta da ruwa, kanwar ma a rage. Na ce malamar ta haifi nawa? Ta ce ba ta tambaya ba, amma da alama ba a dafa ta ba, kuma ga ta nan da ranta. Ta ce kishi ne ke damuna, ta haifo mini miji na rasa yadda zan yi da ita sai in dafa ta. Takan yi dariya, ni ma in yi. Amma in ta miƙe ƙafa tana ba da nono, sai in kai hannu in danna idon sawunta, in ga ko wurin zai lotsa.

Ana nan sai Iya ta tafi biki Ikorodu, aka ce za ta kwana biyu. Duron nan yana jingine a bayan gida, ragowar itacen ya bushe a ƙarƙashin gado. Na fito da shi, na jera bulo. Ina neman ashana ɗana ya shigo, ko kayan aiki bai cire ba. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ba. Ya durƙusa a gabana.

"Inna, gidan nan bango ma tafinta ne. Kafin Iya ta sauka daga mota ta ji. In aka ce mu fita, ɗaki a garin nan ba a samunsa rana ɗaya, balle ga irinmu. Ina za mu ajiye jaririn?"

Na dubi itace, na dube shi. Furfura ta fara fito masa a gemu, ban lura ba sai ranar. Na ce ya mayar wa mai duro duronta.

Zama bai gan ni ba. Na sake fita, wannan karon hayaƙi nake bi. A bakin layin dogo na samu wata mai tuwo-tuwo, Bazazzagiya, da murhu uku na itacen gaske. Na zauna na faɗa mata damuwata, tana tuƙi tana saurare. Ta ce da safe ba ta da wurin ɗora ko buta, amma bayan la'asar, in ta sauke tuwon dare, garwashin banza yake ci. Aka yi haka. In cika mata tukunya, ta tafasa, a ɗura a jarkoki biyu, in naɗe su da tsohon bargo, mai kurar ruwa ya turo ina biye da shi ina cewa ya yi sauri. Ran da baburan okada suka cushe hanya ruwan ya iso da sauran rai. Ran da hanya ta buɗe ya iso da zafinsa, har in ji jikata ta ja numfashi ta ce, "Tsohuwa, a hankali." Ranar nakan ci abinci.

Haka muka kai arba'in, na yamma da zafi, na safe da ɗumi. Aka yi mata kitso da lalle, mijinta ya zo ya ɗauke ta. Iya ma ta fito ta karɓi jaririn ta yi masa rawa a lungu, ta ce mini wani abu tana dariya. Babu mai fassara a kusa, na ce mata amin.

Matan garinmu sun kira a waya suna tambaya ko an yi wanka. Na ce an yi. Suka ce cikakke? Na ce irin na nan. 

Ɗana ya ce in zauna sai damina ta wuce, hanya ba kyau. Ban musa ba, don ni ma ban shirya nisa da yarinyar ba. Duk safiya nakan sa a kira mini ita a waya. Tana ba ni labarin yaro, ya fara wannan, ya fara wancan, ni kuwa ba labarin nake ji ba, numfashinta nake saurare. Shekaranjiya ta yi tari sau ɗaya a tsakiyar magana. Ta ce yaji ne ya sarƙe ta. Na ce to. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a raka ni gidan nata, in ga ƙafar da idona.