Gefen Kwanon Ƙanwata

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, shekarar da ruwa ya ɗauke har muka koma cin jar dawar taimako, ƙanwata ta daina cin abinci a gaban idonmu, ba wanda ya ankara.

Kwano ɗaya muke sa hannu, mu 'yan mata da ƙananan yara. Ita lokacin tana ajin farko na kwaleji a nan Maraɗi. Sai ta gutsuro 'yar loma, ta yi ta juya ta cikin miya, ta bar wa yara gefenta. Mahaifiyata ta riƙa sa mata albarka, wai yarinya mai kawaici. Kakarmu ta Tibiri ma cewa take mu koyi hali wurinta, musamman ni da ake kira mai suɗe kwano.

Damina ta dawo, gero ya shigo, kawuna yana aiko da kabeji da tumatir daga Jiratawa. Kowa ya murmure, ban da ita. Yau ta ce azumin nafila take, gobe ta ce ta ci a makaranta. Zane ya fara yi mata yawa, in ta miƙe sai ta dafa bango. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru.

Ni tuwon na koma kallo. Kowa ya yi rami a gabansa, gefenta kuwa yana tsaye kamar katanga, sai yara sun rushe shi.

Ranar nan na zuba mata nata daban. Mahaifiyata ta ɓata rai, ta ce gidan nan ba a ware wa mutum kwano sai baƙo ko mai tari, so nake unguwa ta ce ɗiyarta na da ciwo?

Na ce, "Inna, ciwon ne da ita. In muka bar ta cikin taro, a gabanmu za ta ƙare."

Na ja ƙanwata ɗaki. Ta daɗe tana kallon tuwon, can ta ce, "Yaya, na san akwai hatsi yanzu. Amma in na haɗiye, sai in ji kamar na yi sata."

Na matsa har aka kai ta asibiti. Likita ya ce ba taurin kai ba ne, ciwo ne, yana ganin sa'o'inta da irinsa, kuma ciwon ba ya sakin mutum da wuri. Haka kuwa aka yi. Kullum ina zaune gabanta da nawa kwanon, ni mai suɗe kwano na koyi tauna a hankali don kada in riga ta gamawa. Wani mako a ci gaba, wani mako a koma baya, ina kuka a kan sallaya, in share ido in sake zubowa. Sai da aka ɗauki shekaru.

Alhamdulillahi, yau jikokinta take yi wa tuwo. Amma har yanzu in ranta ya ɓaci, hannunta ne ke fara ja da baya, sai in matso da kwanona. A gidana ba a yabon yarinya don ta ƙi ci. In yara suka kewaye kwano, gefen kowa nake dubawa.