Tulun Zumar Garar Jikata

Zuma ba ɗaya ba ce. Ƙudan zuma abin da ya sha shi yake ba ka. In kaɗanya ya bi, sai ta zo fara-fara, mai sauƙi a harshe. In ɗorawa ce, sai ta zo ja wur, mai kauri, da ƙamshi mai kama ɗaki. In kuwa dogonyaro ya bi, irin waɗanda sunka cika Birnin Kebbi, to zaƙinta na farkon baki ne, sai ka haɗiye ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro.

Shekarar da jikata ta yi cikin fari, da bazara na sa wani mai amya na wajen Augie ya kawo min ta ɗorawa zalla. Na zuba a tsohon tulun uwata, na rufe da kasko, na liƙe bakin da laka, na kewaye gindin da toka saboda kiyashi. Ta nakiyar gara ce, wadda za a kai gidan mijinta a Argungu in ta gama wankan jego. Gidan can kuwa akwai kakar mijin, tsohuwa mai harshe. Ita ke fara ɗanɗana gara gaban mata, abin da ta faɗi shi ke bin yarinya. Akwai matar jikanta guda da har yau ake kira mai alkakin dutse.

Jikata ta sauka lafiya, kwanan komawa ya matso. Munka jiƙa shinkafa, munka daka, munka toya garin har ya yi ja. Mata sun taru a tsakar gidanmu na Badariya da taɓare a hannu. Na shiga ɗaki ɗauko zuma, sai na ga lakar bakin tulun ba tawa ba ce. Sabuwa ce, da shatin manyan yatsu.

Na buɗe. Kumfa a sama, da wani tsami-tsami. Na sa yatsa na lasa. Zaƙi. Na haɗiye, na jira. Sai ga ɗaci ya taso.

Na kira ɗana, uban yarinyar. Ya duƙa a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa tulun ga?"

"Ni ne, Inna. Na ga bai cika ba, na ce kada mu ji kunya. Wani na bayan gari ya ba ni zuma, sabuwa fil, ranar ya yanko ta, na ƙara a kai."

"Amyarshi bisa mi take?"

Ya sosa ƙeya. "Bisa icce dai."

"Wane icce?"

"Dogonyaro, ina tsammani. Inna, ba zuma duk zuma ba ce?"

Na mayar da kasko bisa tulun. Jikata na tsaye bayansa da jariri a kafaɗa, idonta ya cicciko. Ta ce, "Kaka, a sa sukari mana, wa zai sani?" Na ce tsohuwar nan za ta sani tun kafin ta kai baki.

Tambaya ɗaya na yi wa ɗana: ya motsa ko bai motsa ba? Ya rantse zubawa kawai ya yi. Nan na ga 'yar hanya. Tawa ta daɗe, ta yi nauyi ta kwanta ƙasa. Tasa ɗanya ce, ruwa-ruwa, tana bisa.

Na sa aka shanya ludayi a rana har ya bushe ƙayau, don ɗigon ruwa ɗaya na ɓata tulu. Na durƙusa, na riƙa kwasa daga sama a hankali, kamar mai kwashe mai a kan nono. Kowane ludayi sai na lasa, na haɗiye, na jira. Ɗaci. Na kurkure baki, na goge hannu, na sake. Ɗaci. Tulu na ta yin ƙasa. A waje wata maƙwabciya ta ɗaga murya, "Gari fa na hucewa, Inna!"

Can harshena ya mutu, na daina bambancewa. Na tauna ɗanyar shinkafa, na zauna har bakina ya dawo. Da na koma, launin ya fara duhu, ludayi ya fara nauyi. Na lasa. Na jira, na ƙara jira. Ba abin da ya taso. Duk da haka na ƙara kwashe wani, don zuciyata ba ta yarda ba.

Abin da ya rage bai fi na ƙwarya guda ba, mu da munka yi niyyar cika masaki. Munka kirɓa da man shanu da citta da kanumfari, sauran garin aka ajiye.

A Argungu anka baje gara a tabarma. Wata ƙanwar mijin ta ɗaga faifan ƙwaryar, ta dubi mata.

"Wagga nakiya ce ko maganin ido? Ko mota ta cinye saura a hanya?"

Aka kwashe da dariya. Jikata ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Tsohuwar ta miƙo hannu, ta gutsura, ta sa a baki. Ba ta da haƙora, sai ta daɗe tana juyawa. Ta haɗiye. Na ga tana jira, irin jiran da na yi. Ni kuwa na kama gefen tabarma na damƙe.

Ta sake gutsura.

"Ɗorawa," ta ce. Ta dubi ƙanwar mijin. "Ke, rufe ƙwaryar nan ki kai ɗakina. Ni zan raba da hannuna, kowa ɗan loma."

Ta jawo jikata kusa, ta karɓi jaririn. Daga baya mata sun ɗan taɓa tsokanarta da mai 'yar ƙwarya, sunan bai kama ba. Har yau da sunanta na yanka ake kiranta a gidan.