Jaruman da Suka Zo Gayya

A Dogarawa, in sanyi ya shigo bayan an gama kai hatsi rumbu, kakarmu Hajo takan tara kara a tsakar gida ta hura wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Shekarar da aka buɗe gidan kallo a bakin tasha sai muka fara zamewa, manya tukuna, sannan na bayansu. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ci gaba da hura wutarta, ko da masu saurare 'yan yaye ne da ke barci tun labari bai yi nisa ba.

Ni na fi kowa zaucewa. Akwai wani fim na jarumai da suka haɗa kai don ceton wani birni: mai tashi sama, da wata mace mai kiran guguwa, da wani ƙato da harsashi ba ya huda shi, da shugabansu mai ɗaure fuska. Na kalle shi har na haddace fassarar. Ƙaton ne nawa, don shi ba ya dogon bayani. Shugaban kuwa haushi yake ba ni, kullum shawara kamar zaman ƙofar maigari.

Wata rana injin gidan kallo ya lalace, muka koma bakin wuta don babu yadda za mu yi. Kaka ta dube ni sama da ƙasa.

"Angona, yau an tuna da tsohuwa? To hwaɗa mini abin da ka ka gani can wanda ya hi ni."

Na miƙe na kwashe mata labari, har da tsalle da kwaikwayon ƙarar rushewar benaye. Da na zo kan ƙaton ta ce wannan ai ɗan tauri ne, ta ga irinsu da yawa. Sannan ta ce, "Gidajen ga da sunka rushe, na wa?"

"Kaka, ai ceton garin suka yi."

"Kiran su anka yi?"

Na ce e.

"Ashe gayya anka yi," in ji ta, ta gyara zama.

Ta ce an yi wata tsohuwa da ciyawa ta ci ƙarfin gonarta, sai ta kira gayya. Samari ƙarfafa suka zo da hauyoyi, kowa da makaɗinsa. Makaɗin wannan ya zuga shi, na wancan ya ce ƙarya ne. Suka kama noma ana tsere, ba mai duban ƙasa. Tsohuwa tana bin su a baya tana cewa, "Hatsi na nan, ɗiyana, ku bi sannu," amma ganga ta fi ta murya. Kafin azahar gona ta yi fes, babu ciyawa, babu hatsi. Suka sha hura, suka ci tuwo. Da yake ba a yi wa 'yan gayya faɗa, tsohuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sa masu albarka.

Muka yi dariya. Da aka gyara inji muka koma kallo.

Na girma, ina gyaran babura a Ƙonni, kuma har yau ba na barin irin waɗannan finafinai su wuce ni. Ma'anar tatsuniyar sai a ciwon ajalin Kaka na gane ta. 'Ya'yanta da jikoki suka taru daga Yamai da Sakkwato da Tawa, kowa da kishinsa. Wannan ya ce a kai ta babban asibiti, wancan ya ce likitan da ya sani ya fi, wani ya zo da rubutu, wani da saiwoyi. Aka yi ta yawo da ita a mota daga gari zuwa gari. Kowa son ta yake yi, wannan ba ƙarya ba ne. Sau da yawa ta ce a mayar da ita ɗakinta, sai a ce zafin ciwo ne.

A wani asibiti can nesa ta rasu, inda ko ma'aikatan ba su san sunanta ba. Kafin nan ta sa aka kira mu, ta kama hannun kowa ta yi masa godiya, ba ta tsallake ko mutum ɗaya ba.