Shafin Darussan da Suka Ƙi

Yara ne suka raɗa mata suna Malama Mu-sake, sunan kuma ya bi ta har gida, don ko mijinta in yana jin tsokana da shi yake kiranta. Shekara ashirin da shida tana riƙe da aji huɗu a makaranta guda, ajin ƙarshe a jerin ginin, mai taga ɗaya da ba ta rufuwa da allon da tsakiyarsa ta koɗe saboda guga. In ta gama bayanin lissafi ta juyo ta ga idanu sun yi mata zuru, ba ta zagi, ba ta neman bulala. Sai ta ɗauki tsumma ta goge allon ta ce, "To, mu sake." Wata rana sau uku, wata rana har a kaɗa ƙararrawa ana sakewa.

Kada in yi muku ƙarya, ba mace ce mai daɗin zama ba. Ba ta iya hirar ɗakin malamai ba, in kuma ta buɗe baki sai ta faɗi abin da kowa yake kewayewa. Shugabannin makaranta bakwai suka zo suka tafi a kan idonta. Sau biyu ana yi mata tayin kujerar mataimakiya tana cewa a kai kasuwa, wai ita in babu alli a hannunta ba ta san inda za ta ajiye hannun ba. Ajin nan shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma saura shekara huɗu ta yi ritaya a cikinsa.

Akwai wata al'ada ta aikin da duk malami ya sani. Kowa yana da littafin shirin darasi, kowane shafi an ja masa layuka: kwanan wata, darasi, kayan aiki, sai gurbi na ƙarshe inda ake rubuta yadda darasin ya kaya. A wannan gurbin kalma uku ake rubutawa, "An cimma manufa." Ko rufin aji ya faɗo, ko rabin yara barci suka yi, an cimma manufa. Ranar Litinin shugaba ya sa hannu da jan biro, a mayar wa kowa littafinsa. Wasu ma tun farkon zango suke cike gurbin har ƙarshe don su huta. Ita ma haka take rubutawa, don a shekararta ta farko da ta gwada rubuta gaskiya an dawo mata da littafin an ce ta gyara.

Ɗacin abin sai ya riƙa biyo ta har gida. Mijinta, tsohon direba da ciwon baya ya zaunar, shi yake shan labarin kullum da yamma, har ya iya cewa "ai kuwa" a inda ya dace ba tare da ya ji komai ba. 'Yarta ta fari, wadda ke aikin jinya, ita ta gaji wata Asabar da ta zo gaishe su.

"Umma, don Allah ki tausaya wa Baba. Kawo wayarki in buɗe miki shafi, irin wanda ake ce wa bulog. Ki riƙa zuba wa malamai 'yan'uwanki, su ne za su gane yarenki."

"Wa zai karanta shirmen tsohuwa?"

"In ba wanda ya karanta ma ai Baba ya huta."

Daga kan tabarma uban ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Haka aka fara. Kowace Asabar da hantsi, bayan ta shanya wanki, sai ta ture keken ɗinki gefe, ta zauna a teburin, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta riƙa danna waya da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba ta rubuta darasin da ya yi kyau. A ganinta wannan ba ya buƙatar kowa. Wanda ya ƙi take rubutawa, kuma da yake hannu ya saba da tsarin littafi, sai ta fara da kwanan watan da aka yi darasin, sannan abin da ta shirya, sannan inda ya watse.

Na farko a kan karanta agogo ne. Ta yanka kwali ta yi agogo mai hannu biyu, ta kwashe minti arba'in tana juya su, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa wannan agogon ba ya nuna lamba kamar na waya. Ashe a cikin yara saba'in da ɗaya, tara ne kawai suka taɓa ganin agogon bango yana aiki. Ta rufe rubutun da cewa, "Ban san yadda zan yi ba. Wanda ya sani ya faɗa mini."

Mako biyu shiru. A na uku wani malami daga can wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba ya rubuta a ƙasa cewa ta zana agogon a ƙasa a filin makaranta, ta sa dogon yaro ya zama hannun minti, gajere ya zama na awa, su yi ta zagaye. Ta gwada. Ya ci. Ranar ta dawo gida tana dariya ita kaɗai a hanya, har mai shagon bakin layi ya tambaye ta ko lafiya.

Kafin shekara ta zagayo shafin ya zama wata irin majalisa. Malamai sun fi ɗari biyu, wasu da suna, wasu a ɓoye, kowa yana kwance kayansa. Wannan ta ce ta raba marufan kwalba don koyar da rabawa, yara suka mayar da su caca. Wancan ya ce shekara goma yana koyar da abin da shi kansa bai gane ba sai jiya. Ana dariya, ana gyara wa juna, wani lokaci a yi musu har kwana uku a kan ko a fara da tarawa ko da ɗebewa. Ita da ta yi rabin rayuwarta a ɗakin malamai ba ta da abokin magana, sai ga ta da abokan aiki da ba ta san fuskarsu ba. Ta ji daɗin wannan shekarar fiye da duk waɗanda suka gabace ta, kuma ajinta bai taɓa yin kyau kamar lokacin ba.

Shugaba na takwas ya zo a farkon zangon da ya biyo. Matashi ne mai tsabta, mai gaisuwa da hannu biyu, kuma ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Wani a ofishin masu duba makarantu ya ga shafin, ya kira shi ya tambaya ko ya san malamarsa tana shelanta wa duniya cewa ba a koyon komai a makarantarsa. Wata Laraba, can wajen ƙarshen zangon, ana tsakiyar darasi aka aiko ta zo.

A kan teburinsa akwai tarin takardu da aka buga daga shafin, gefe guda kuma ga littattafan shirin darasinta na shekara biyu. Ya ba ta kujera, ya tambayi jikin maigidan, sannan ya jawo takarda ɗaya da littafi ɗaya ya jera su.

"Malama, ke uwa ce a wurina, shi ya sa na ce mu yi maganar nan mu biyu. Duba nan. Sha huɗu ga wata, karanta agogo, kin rubuta an cimma manufa, an sa hannu. Ga shi kuma a shafinki, rana ɗaya, darasi ɗaya, kin ce ba wanda ya gane. Guda sittin da uku na ƙirga irin wannan. Wanne ne gaskiya?"

"Ranka ya daɗe, kai ma ka riƙe aji. Ka san wanne ne gaskiya."

"Na sani. Amma su takarda suke karantawa. In shafin ne gaskiya, kin yi ƙarya a littafin hukuma sau sittin da uku. In littafin ne gaskiya, kin shafa wa makaranta kashin kaji sau sittin da uku. Ki zaɓar mini wanda zan kai musu."

"Ka kai musu sakamakon yarana."

"Ba shi suka tambaya ba."

Nan fa ta gane cewa kwanan watan nan da ta riƙa sawa don tsari, shi ya zama igiyar da aka ɗaure ta. Da ta rubuta "wata rana" kawai, da ba mai kama ta. Sauran malamai goma sha takwas da ke cika gurbin nan ido rufe ba wanda ya kira su, don su ba su taɓa faɗin gaskiya a wani wuri ba balle a gwada.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a ɗauke ta daga aji a mayar da ita ɗakin ajiyar fayil har ta yi ritaya, ko ta gyara shafin. Ta ce to za ta rufe shi. Ya girgiza kai, ya ce rufewa amsa laifi ce. Abin da ake so, ta cire tsofaffin, ta ci gaba da rubutu kowane mako yadda zai dace da littafi, shi kuma zai riƙa dubawa ranar Litinin tare da sa hannu.

Da ta fito sai ta bi ta ɗakin fayil ɗin ta leƙa. Ba taga, kwan fitila ɗaya, kujerar ƙarfe, da warin tsohuwar takarda. Daga nan ba a ko jin hayaniyar yara.

A gida 'yarta ta ce ta tsaya a kan gaskiyarta, su za su tsaya mata. Mijin kuwa ya ce, "Ni na san zaman ɗaki, Malama. Shekara shida ke nan. Ba za ki iya ba." Ta ji haushinsa ƙwarai, don ta san ya fi 'yar tasu saninta.

Asabar ta zauna ta goge sittin da uku ɗaya bayan ɗaya, har da duk abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsu. Sannan ta rubuta sabo: yadda ta koyar da awon tsawo, yara suka fahimta, aka tashi lafiya. A gaskiya ranar rabin ajin sun auna teburi da rula daga lamba ɗaya maimakon sifiri, kuma ta so ƙwarai ta tambaya ko wani ya san maganin wannan.

Aka yi mata barka. Malamin nan mai agogon ƙasa ya rubuta, "Madalla, Malama," bai ƙara ba. Mako na biyu ma darasi ya yi kyau, na uku ma haka. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya tambayi inda tsofaffin suka shiga. Mutane dai suka daina kwance kayansu, don ba mai son ya fito da tsummansa a gaban wanda ya sha ado. Majalisar ta watse a hankali, aka bar masu "Allah ya ƙara basira" su huɗu ko biyar. Shugaba kuwa har a taron malamai ya yaba mata, ya ce a yi koyi da ita.

A wata na uku, wata Asabar da hantsi, ta tarar da dogon saƙo a ƙarƙashin rubutunta. Ba suna, ba lamba, an dai sa "wata malama".

"Mama, ban taɓa rubuta miki ba, karantawa kawai nake yi. Shekarata biyu da fara aiki, yara tamanin da shida gare ni. Da, in na karanta naki ranar Asabar sai in ce, in mai shekara ashirin da shida darasi yana ƙin ta, to ni ma ba lalatacciya ba ce, sai in samu ƙarfin fita Litinin. Yanzu na ga kin gano bakin zaren, komai yana tafiya miki daidai, sauran ma duk sun yi shiru, da alama kowa ya iya. Ni kaɗai na rage. Na gane aikin ba nawa ba ne, kada in cuci 'ya'yan mutane. Jiya na miƙa takardar ajiye aiki, sun ce in je in yi tunani zuwa ƙarshen wata. Na ce bari in yi miki godiya kafin in tafi."

Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta goge da gefen zane. Babu inda za ta sami yarinyar nan a ɓoye. Ba ta san garinta ba, ba ta san makarantarta ba. Ƙofa ɗaya ce, ƙarƙashin saƙon, inda kowa zai gani, inda shugaba zai gani jibi da jan bironsa a hannu.

Ta fara dannawa da yatsa ɗaya. "'Yata, kada ki tafi. Ƙarya nake yi. Ko shekaranjiya sai da darasi ya ƙi ni, yara suka fita ba su gane komai ba." Ta tsaya tana kallon layukan. Daga ɗaki mijin ya tambaya ko ta ga maganin shafawarsa, ta ce yana kan taga. Wankin da ta shanya yana ta ɗiga a tsakar gida. Ta daɗe a haka, har hasken wayar ya mutu ta sake taɓa shi.

Sannan ta goge, harafi bayan harafi. Ta rubuta, "Allah ya sa hakan ya fi alheri," ta aika.

Ranar Litinin tun bakwai da rabi tana bakin aji huɗu, yara suna wucewa suna gaishe ta. An bar mata ajinta.